Tambaya da Amsa: "Yace min wai shima fatarsa na cikin wasan"

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan makon guda huɗu kusan duk a kan abu ɗaya suka faɗo, shi yasa na haɗa su wuri guda, sauran kuma kuyi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, atamfa da shadda nake sayarwa. Akwai ɗan aminina da yayi karatu a waje ya dawo, yanzu yazo min da maganar mu haɗa kuɗi a shigo da fanel ɗin sola da batura daga Chana, yace in kawo miliyan 20 shi kuma zai sa miliyan 1 kuma shi zai yi tafiyar. Da yaga ina jan ƙafa sai yace min da turanci wai "Alhaji I have skin in the game", ni dai na gyaɗa kai kamar na gane don kar in ji kunya gaban yaran shago. Dan Allah me maganar ke nufi, kuma in mutum ya faɗi haka ya isa in saki jiki? Daga wani Alhaji a Kano.

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Abinda yaron ke gaya maka shine shima ya sa nashi a ciki, in abin ya lalace ba kai kaɗai zaka ji a jikinka ba. In aka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya cewa yayi fatarsa na cikin wasan, Amurkawa ne suka fi faɗin haka musamman 'yan harkar hannun jari. Mu da muna da namu, wato mai ruwa da tsaki, sai dai ma'aikatan gwamnati sun tsiyaye maganar, yanzu duk wanda aka gayyata taro a otal ya ci shinkafa ya karɓi alawus sunansa mai ruwa da tsaki, alhali in aikin ya rushe ko barcinsa ba zai ragu ba. Ita ta turancin tana nufin wanda zai yi asara da gaske.

Mutane da yawa suna jingina maganar ga attajirin nan Warren Buffett, amma wani marubucin jaridar New York Times mai bin diddigin kalmomi, William Safire, ya bincika a 2006 ya nuna ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Labarin Buffett ɗin ne ma yafi dacewa da tambayarka. A 1956 da ya fara juya kuɗin mutane a garinsu Omaha, dangi da abokai ne suka haɗa masa dala 105,000, shi kuwa dala 100 kacal ya sa. Kaga in da yawan abinda ya sa ake dubawa da ba wanda zai ba shi ko sisi. Abinda ya riƙe mutane shine tsarin da ya zauna a kai daga baya: ba shi da albashi, ba shi da kamasho, sai masu kuɗi sun fara samun ribar kashi 6 cikin 100 a shekara tukunna shi zai ɗauki rubu'in abinda ya haura hakan, kuma abinda ya samu a ciki yake mayarwa har ya zama kusan duk dukiyar gidansa tana tukunya ɗaya da tasu.

Toh anan nake so ka tsaya Alhaji. Kar ka tsaya a kan nawa ya sa, ka tambaye shi ta ina zai samu, kuma yaushe. Misali a ce kamfanin da zai sayo kayan a birnin Guwanzu na Chana suna ba wanda ya kawo musu ciniki kamashon kashi 5, wanda abu ne da ake yi ba ɓoyayye ba, to kashi 5 na miliyan 21 ya ɗan haura miliyan 1, ma'ana tun kwantena bata bar tashar jirgin ruwa ba yaron ya riga ya maido da nashi, ko baturan sun iso Legas sun kumbura ko kwastan sun riƙe kayan wata shida kuɗin ajiya na hawa, kai kaɗai ne a ciki. Ban ce haka zai yi ba, ban san shi ba, kuma wataƙila yaron kirki ne. Amma tambayar ba zagi bace, kuma mai gaskiya ba ya jin haushinta. Ka tambaye shi kuma miliyan ɗayan nan tashi ce ko a wajen mahaifinsa ya karɓa, don yaron da ya sayar da motarsa ya sa kuɗin ba ɗaya yake da wanda in an yi asara zai koma gida a ce masa ba komai Allah ya mayar da alheri.

Wannan fa ba ƙaramin abu bane, shi ya kusa durƙusar da tattalin arzikin duniya a 2008. A Amurka masu ba da bashin sayen gida sun koma bai wa kowa bashi, har wanda ba shi da tsayayyen aiki, saboda ba su zasu jira a biya ba, da an sa hannu dillali ya karɓi la'adarsa, su kuma su tattara basussukan su sayar wa manyan bankuna, bankunan su ƙulla su dami-dami su sayar wa masu zuba jari a Turai da Asiya da asusun 'yan fansho. Kowa a layin yana samu a ranar da ya miƙa wa na gaba, na ƙarshe ne kawai ke jiran talakan ya biya. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Da abin ya fashe bankin Lehman Brothers ya rushe ranar 15 ga Satumba 2008, sauran kuma da kuɗin harajin talakawa aka tallabe su. Shi yasa a 2010 suka yi dokar da ake kira Dodd-Frank, a ciki aka ce mai ƙulla irin wannan bashi ya sayar dole ya riƙe aƙalla kashi 5 cikin 100 na haɗarin a hannunsa, Tarayyar Turai ma kashi 5 ɗin ta sa. A ganina kashi 5 yayi kaɗan ƙwarai amma dai yafi babu.

Sai abu na ƙarshe, kuma shi yafi damuna. Ko da ya tabbata mutum ya zuba duk abinda ya mallaka, wannan yana nuna maka ya yarda da abin ne kawai, baya nuna abin mai kyau ne. Shugaban Lehman ɗin nan Richard Fuld yana da ɗimbin hannun jari a bankin kuma duk sun zama takardar banza, hakan bai hana shi tuƙa bankin cikin rami ba, balle ma ya riga ya kwashi ɗaruruwan miliyoyin dala a shekarun da ake cin riba. Mu dawo gida, ka tuna MMM da ta daskarar da kuɗin mutane a Disamban 2016, ta ɗan Rashan nan Sergei Mavrodi mai alƙawarin kashi 30 a wata? Waɗanda suka ja 'yan uwansu ciki ai yawancinsu sun sa nasu, har alat suke nuna maka a waya suna rantsuwa, kuma ba ƙarya suke ba sun sa ɗin. Sai dai shigarka ita ce fitarsu, ga garaɓasar kawo sabon mutum a sama. Haka aka sake yi da CBEX, wani dandalin zuba kuɗi na intanet, a Afrilun 2025. Don haka ka sa wanda ya san sola ya duba irin kayan da farashinsu a kasuwa, wanda ba zai samu komai ba ko ka shiga ko ka fasa, ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu, duk wani kamasho ko rangwame da aka samu a can ya shigo cikin asusun haɗaka, kuma in da hali ku fara da rabin kwantena. Shi kuma aminin naka ka sanar dashi tun yanzu, kar sai an samu matsala yaji a bakin mutane.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce a jami'a a Zariya. Rigima ta haɗa mu da wasu a kan zaɓen ƙungiyar ɗalibai na sashenmu muka kai ƙara wajen wani malaminmu, sai yace "I don't have a dog in this fight". Wlh abin ya tsaya min a rai, karnuka ya kira mu kenan ko yaya?

AMSA: 'Yata kwantar da hankalinki ba zaginku yayi ba. Cewa yayi ba shi da ɗan takara a cikinku, duk wanda yaci ba abinda zai ƙaru dashi ko ya rage shi. Maganar daga wasan haɗa karnuka faɗa ana caca ta samo asali, wanda ba shi da kare a fili ɗan kallo ne. Wasu don gudun karen sai suce ba su da doki a wannan sukuwa, ma'anar ɗaya ce. Wanda aka fi tunawa da ita shine James Baker sakataren harkokin wajen Amurka, da ake ruwaito ya faɗe ta a 1991 lokacin da ƙasar Yugoslabiya ta fara wargajewa, wato Amurka ba ruwanta, kuma an daɗe ana yi masa gori da ita bayan kisan da ya biyo baya a Bosniya. Ni dai shawarata kar ki ɗauko ta ki faɗa wa kawunki a taron dangi, mu nan da an ambaci kare an gama sauraron sauran maganar. Shi malamin naku kuwa in da gaske ba shi da kowa a ciki to shine ma ya dace ya raba ku, ku koma ku ce masa dalilin da yasa kuka zo wajensa kenan.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ma'aikaciyar asibiti ce a Maraɗi. Bara na ba ƙanena kuɗina na adashi ya sayi wake da gero lokacin kaka ya ajiye, muka yi da baki in an sayar riba kashi biyu, ɗaya nawa ɗaya nashi. Shi ko dala bai sa ba. Farashi bai tashi yadda muka zata ba kuma ƙwari sun taɓa waken, uwar kuɗin ma bata dawo duka ba. Mijina yace laifina ne da na ba wanda bai sa komai nashi ba, kuma wai dole ya biya ni. Ni kuma ina jin nauyin mahaifiyarmu. Ya zanyi?

AMSA: Hajiya sannu, Allah ya mayar da alheri. Abinda kuka ƙulla ke da ƙanenki yana da suna a fiƙihu, Malikawa suna ce masa ƙiradi wasu kuma mudaraba, ɗaya ya kawo jari ɗaya ya kawo ƙarfinsa a raba riba bisa kason da aka yi, rabi ko sulusi ko yadda aka yarda, ba wai a yanka wani adadi a ce kowane wata zaka bani kaza ba. Tsohon ciniki ne tun kafin Musulunci ayarin Makka dashi suke tafiya, kuma bankunan da basa ta'ammali da ruwa irin Jaiz da ya fara aiki a Najeriya a 2012 suna amfani dashi har yanzu.

Hukuncinsa kuwa ba zai yi wa maigidanki daɗi ba: in aka yi asara ba da sakacin mai juyawa ba, asarar kuɗi ta mai kuɗi ce, shi kuma ya tashi a tutar babu, wahalarsa ta tafi a banza. Kai ko da tun farko kin sa masa sharaɗin in an faɗi zai biya ki uwar kuɗi, malaman Malikiyya sunce sharaɗin ya ɓata ƙiradin, domin wanda yake son riba ba tare da ya ɗauki haɗari ba rance ya bayar kenan yana jiran ƙari. Akwai hadisin Nana Aisha da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, "al-kharaju bid-daman", wato amfanin abu yana tare da ɗaukar asararsa.

Kuma ban yarda da cewa bai sa komai ba. Mutumin da ya bi kasuwannin ƙauye yana awo, ya yi jigilar buhuna, ya nemi sito, ya yi watanni yana zirga-zirga sannan ya tashi ba ko kuɗin sabulu, ai ya sa wani abu. Inda maganar maigidanki take da ƙarfi shine wajen ƙwarin nan. Faɗuwar farashi ba laifin kowa bane, amma wake kowa ya san halinsa, wanda ya saba ajiya ya san sai an shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ce wa PICS ko a durom mai murfi a toshe iska, a ɗora kan katako ba a ƙasa ba, a riƙa leƙawa. In ya zuba a buhun gargajiya ya kulle sito ya tafi harkarsa wata huɗu bai waiwaya ba, wannan sakaci ne, kuma mai sakaci yana biyan abinda sakacinsa ya jawo, iya shi kaɗai banda na farashi. Saboda haka ki raba asarar gida biyu a takarda, buhu nawa suka lalace kuma me ya lalata su, nawa ne kuma kasuwa ta ci. Ku samu malami da wani tsohon ɗan hatsi su zauna daku. In ya tabbata yana da laifi kina da ikon karɓa kina da ikon yafewa saboda Inna, amma ki bari a fara tabbatarwa a faɗa a gabansa, in ba haka ba yafiyar ma ba zai san an yi masa ita ba, maigidanki kuma zai riƙe abin a ransa shekara da shekaru.

In kina so badi ya sa nashi kuɗin, wannan ya zama tarayya, kuma a nan asara tana bin gwargwadon jarin kowa, wanda ya sa kashi 80 ya ɗauki 80 na asarar.

TAMBAYA: Malam mahaifinmu ya rasu ya bar gona a bakin gari da yanzu gari ya cim mata. Baffanmu shi ke tsaye kan rabon gadon kuma shi ya kawo wanda yayi wa gonar kuɗi, yana ta matsa mana mu sayar a raba kuɗi a huta. Sai daga baya muka ji ashe surukinsa ne mai son saye kuma tare zasu yanka filaye. Da nayi magana sai aka ce ni mara kunya ne, ai shi yafi kowa damuwa da abin tunda gonar ɗan uwansa ce. Daga wani matashi a Gombe.

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinku. Ƙanena ka lura da abu guda, abinda na ce wa Alhajin Kwari ya nema wajen abokin kasuwancinsa shine daidai abinda yake hana mutum zama alƙali ko shaida. A abokin tafiya kana son wanda zai ji zafi tare da kai. A mai raba gardama kuwa kana son wanda ba zai samu ko ya rasa komai ba. Baffa yana da abin samu a cikin maganar, gaskiya ne, amma a ɗaya ɓangaren yake, duk naira ɗaya da aka rage a kuɗin gonar aljihunsu ta shiga.

Kuma wannan ba sai an ce masa macuci ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu an faɗa ƙarara cewa ba a karɓar shaidar mai jawo wa kansa amfani ko mai ture wa kansa cuta, haka shaidar ɗa ga iyayensa ko miji ga matarsa, ba don ana tuhumar kowane uba da ƙarya ba, sai don zuciya bata iya auna abu daidai in nata na ciki. Turawa ma haka, a Ingila a 1852 majalisar dattawansu ta soke hukuncin da babban alƙalin alƙalan ƙasar Lord Cottenham ya yanke ya ba wani kamfanin hanyar ruwa gaskiya, don kawai an gano yana da hannun jari a kamfanin, kuma sun faɗa a fili cewa ba wanda yake zaton kuɗin sun karkatar dashi, amma dai mutum baya alƙalanci a shari'ar da yake da rabo a ciki.

Yadda zaka ɓullo wa abin ba tare da an ƙara kiranka mara kunya ba, kar ka tunkare shi kai kaɗai kuma kar ka yi maganar a guruf ɗin WhatsApp na dangi, nan ne ake ɓata komai. Ka samu gwaggonku ko wani dattijo da Baffa yake jin nauyinsa, a ce masa magada suna so a kawo mutum biyu daban su sake yi wa gonar kuɗi, dillalan da basu san surukin ba, in ma da hali har da ma'aikacin safiyo, sannan a buɗe ciniki kowa ya taya har shi surukin, wanda yafi tsoka ya ɗauka. In akwai ƙananan yara marayu a cikin magadan to maganar ta ma fi ƙarfin zaure, ku kai kotun shari'ar Musulunci ta raba, alƙali ba zai bari a sayar da kason maraya ƙasa da ƙimarsa ba. Kuma ba dole bane sai an sayar, in gonar tana rabuwa kowa zai iya karɓar nashi filin, mai son kuɗi ya sayar da nashi mai son riƙewa ya riƙe. Ka tambayi 'yan uwanka mata ra'ayinsu kai tsaye kafin zaman, don sau da yawa su ake cewa sun yarda alhali ba wanda ya tambaye su.

Mai tambaya a kan bashin taki daga Funtuwa da mai maganar kuɗin haya daga Kumasi, naku na nan a ajiye sai fitowa ta gaba.